Sunan Hezekiya a Katin Toma

Duk wanda ya daɗe a Park Hill ya san Hezekiya Gambo, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon mutumin nan mai furfura a gefe guda na gemu, wanda yake tuƙa farar mota yana kwasar masu wankin ƙoda zuwa asibiti yana mayar da su gida. Mutumin Zonkwa ne, malamin firamare a da. Cacar biza ce ta kawo shi New York a shekarar 2003, shi da matarsa Alisabatu da 'yarsu Bege tana goye. Yana da kirki, yana da kyauta, yana kuma da ƙyashi. Sai dai ƙyashin nasa mutum ɗaya tak yake bi, wato Toma.

Toma ƙanin abokinsa ne na makaranta. Ya sauka a 2008 da jaka ɗaya da rigar sanyi ta aro, ya yi wata bakwai yana kwana a kujerar falon Hezekiya. A lokacin kuwa Hezekiya yana tashe. Katunan banki na cin bashi guda biyar ne a aljihunsa, kuma duk ɗan arewan da zai tafi gida jana'iza ko biki, wurinsa yake zuwa a saya masa tikitin jirgi da kati, a kan zai biya a hankali. Wasu sun biya. Wasu har gobe idan sun hango shi a harabar coci sai waya ta kama su. Shi kuwa daɗin da yake ji idan aka ce "a je wurin Yaya Hezekiya" ya fi masa kuɗin.

Shi ya raka Toma ya buɗe katinsa na farko, ya kuma ba shi shawara irin ta manya: a ƙasar nan ba a biyan bashin kati duka, ɗan abin da banki ya nema a ƙarshen wata shi ake ba shi, sauran ya jira. Toma ya ce to, ya gode, ya je ya yi akasin haka. Kati ɗaya ya riƙe, abin da ya ci da shi ya biya tas kafin wata ya mutu. Hezekiya ya sha yi masa tsiya a gaban mutane, yana cewa yaron nan ya zo Amurka amma tsoron banki yake kamar tsohuwar ƙauye.

A 2011 bashin ya kai dala dubu goma sha tara, ruwan da ke hawa kansa ya fi ƙarfin albashin direba. Alisabatu ce ta ja shi zuwa wata ƙungiya mai sasanta masu bashi da bankuna. Aka rufe katunan biyar, aka rage ruwan, aka yanka masa dala ɗari huɗu da goma sha biyu duk wata. Ya yi wata hamsin da shida yana biya, bai tsallake ko ɗaya ba, wannan kam ba mai ƙwace masa. A cikin shekarun nan Toma ya gama karatun jinya, ya yi aure, ya sayi gida mai bene da ɗan fili a baya. Masu neman tikiti suka koma wurinsa, shi kuwa ya ce musu ba ya yi, abin haushin kuma ba wanda ya zage shi.

Da Hezekiya ya gama biya a farkon 2016, sai ya koma aji ɗaya. Ya ajiye wa wani banki dala ɗari uku jingina, aka ba shi kati mai iyakar dala ɗari uku. Kuɗin waya kaɗai yake biya da shi, da ɗan cefanen Asabar, ba ya bari ya wuce tamanin, ranar Juma'ar albashi ya share shi. Wato dai abin da ya yi wa Toma dariya a kai, shi yake yi yanzu da furfurarsa. Ya san haka, kuma yana ci masa rai. Idan aka yi sujada Toma ya tashi karatun Littafi, Hezekiya ba ya jin aya ko ɗaya, takalmin Toma yake kallo yana ƙiyasta kuɗinsa.

Ana nan sai maganar gida ta taso. Ɗaki ɗaya da falo suke ciki tun zuwansu. Bege ta kai shekara goma sha huɗu, ita da ƙanwarta Amana a falo suke kwana, a banɗaki suke canja kaya, idan baƙo ya zo sai a naɗe katifa a tura bayan kujera. Alisabatu ta samo wani gida mai ɗaki biyu kusa da tashar jirgin ruwa, masu ciki za su tashi a watan Agusta, kuɗin hayar kuma ba zai gagare su ba. Matsala ɗaya ce. A ƙasar nan kowa yana da maki da ake ba shi gwargwadon yadda yake biyan bashi, kuma mai gidan ya ce ba ya ba wanda makinsa bai kai 680 ba. Na Hezekiya 631 ne, yana hawa, amma hawan da ba zai isa ba kafin Agusta.

Matar Toma ta ji a zumuntar mata, ta kai wa mijinta. Ranar Lahadi Toma ya tari Hezekiya a bakin ƙofar coci, ya rusuna ya gaishe shi kamar kullum, sannan ya ce akwai hanya. Zai iya sa sunan Hezekiya a kan tsohon katinsa a matsayin wanda aka yarje wa amfani da shi. Shekara takwas na biya ba fashi za su shiga tarihin Hezekiya, makin zai ɗaga cikin wata biyu, kuma ba haram ba ne, banki ya yarda da shi.

Hezekiya ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Ya yi murmushi, ya ce ya gode, ba ya bukata, yana da nasa tsarin. A bas ɗin komawa gida ya cika kunnen Alisabatu: yaron da ya koya wa shiga jirgin ƙasa, yaron da bai san yadda ake kunna murhun gas ba, yau shi zai ara masa suna? Ai so yake a ji a coci. Alisabatu ta bar shi ya gama.

Mako uku maganar tana kwance. Ya yi ta duba makinsa a waya tsakanin ɗaukar wannan majiyyaci da wancan, kamar dubawar za ta ƙara shi. Ya hau zuwa 636 ya tsaya. Wata Asabar da hantsi ya fito daga ɗaki ba tare da ya yi gyaran murya ba, ya tarar Bege ta ja labulen taga ta rufe jikinta tana sa riga, saboda Amana ta riga ta shiga banɗaki. Ya koma da sauri. Alisabatu tana zaune a bakin gado tana ninke kaya, ba ta ko ɗago ba.

"Baban Bege," ta ce, "haushin Toma kake ji, amma 'yarka ce take biya."

Washegari ya je da ƙafarsa ya ce wa Toma ya sake tunani. Kalmomin sun fito da ƙyar. Toma bai ja zancen ba, a tsaye ya kira banki, aka gama cikin minti goma.

Bayan kwana goma sha biyu sabon kati ya iso gidan Toma da sunan Hezekiya a jiki. A hanyarsa ta zuwa gidan, Hezekiya ya riga ya shirya fushinsa. Ya tabbata Toma zai nuna masa katin daga nesa ya kulle a durowa, kamar yadda kowa yake yi, shi kuma ya samu abin riƙewa a zuci har ƙarshen rayuwarsa. Sai ga Toma ya miƙo masa ambulan da hannu biyu a tsakiyar kicin, ya ce iyakar katin dala dubu ashirin ce, tarewa tana da hidima, idan wani abu ya taso ya yi amfani da shi kawai su daidaita daga baya.

Hezekiya ya zaro katin. Ya fi nasa nauyi. Kafin ya gama karanta sunansa ya riga ya ga kujerun fata a sabon falo, waɗanda suka fi na Toma. Ya ga talabijin mai cin rabin bango, ya ga liyafar tarewa da rago guda, ya ga mutanen coci suna shigowa suna riƙe baki. Ya ƙirga, dubu shida ya kashe a ransa, bai ko zauna ba tukuna. Nan take ya gane muryar da ke yi masa lissafin nan, tsohuwar abokiyarsa ce ta zamanin katuna biyar.

Ya mayar da katin cikin ambulan, ya tura wa Toma a kan tebur.

"Riƙe a wurinka. Sunan kawai nake bukata."

"Haba Yaya, ai na yarda da kai."

"Na sani. Ni ne ban yarda da kaina ba tukuna."

Bai taɓa faɗa wa kowa wannan ba, ko Alisabatu, sai ga shi ya faɗa wa mutumin da ya fi ƙin ya sani. Toma ya ɗauki ambulan ya sa a aljihu, ya tambaye shi ko zai ci tuwo. Ko wannan sauƙin kan nasa sai da ya ba Hezekiya haushi.

A ƙarshen Yuli makin ya kai 702, mai gida ya sa hannu. Da tsofaffin kujerunsu suka tare, labule kaɗai aka saya sabo, na dala sittin, da ƙaramin katinsa, ya kuma biya ranar Juma'a. Toma ya zo ya taya su hawa da kaya bene na uku, Hezekiya ya yi masa godiya a gaban kowa. Ƙyashin bai tafi ba, ba zan yi masa ƙarya ba, har yau yana lura da duk sabon abin da Toma ya sa. Amma da yammacin ranar, da aka gama shigar da katifu, Bege ta ja ƙanwarta suka shiga ɗakinsu, ta tura ƙofa ta murɗa makulli. Hezekiya ya tsaya a falo da kwali a hannu yana kallon rufaffiyar ƙofar. Ya san da sunan wa aka same ta, ya nemi haushin a ransa kamar yadda ya saba, a wannan karon bai same shi ba.