Kunnen Malam Gide da Sarƙar Marsandi

"Na gaya maka! Tun kafin azumi na gaya maka tana ƙara!"

Muryar Inna Hajaratu ce ta tsallako katangar da ke tsakanin gidanmu da nasu, da hantsi, kaji ma ba su gama tsince dawar da aka watsa musu ba.

"Mi kika ce?"

"Na ce tana ƙara! Kullum da safe in ka tada ta, kamar ana kaɗa tsakuwa cikin kwano!"

"Ke kin san ƙarar inji? Ƙarar turmi dai."

"To, mai sanin inji, ga ta nan kwance inda nake shanyar barkono, yau kwana tara. Har tiren da na zo da shi daga gidanmu ka cika mini shi da notuna."

"Kar ki taɓa tiren nan, Hajaratu. A jere suke."

Mijinta ke nan, Malam Gide, gajeren dattijo mai kaurin damtse. Shekara ashirin da shida ya yi yana tuƙa Alhaji Maharazu mai auduga na Daudawa. Da Alhaji ya rasu, magada suka miƙa masa makullin tsohuwar Marsandin, suka ce ai dama shi kaɗai take jin magana. Motar ruwan madara ce, ta girmi Nana, 'yarsa ta fari, wadda yanzu take da 'ya'ya uku. Ya fasa katangar gidansa na nan Ƙanƙara ya sa ƙyaure na kwano don ta riƙa kwana ƙarƙashin bishiyar bedi. Yana noman masara da waken suya, yana kai amaren unguwa ɗakunansu a kujerar baya. Amma abin da aka san shi da shi kunne ne. Direbobi daga Faskari har Sabuwa sukan tsaya ƙofarsa kafin su je gareji. Zai ɗauko wani dogon ƙarfe mai mariƙin katako, ya ɗora bakinsa a jikin inji, ya kara mariƙin a kai, ya lumshe ido, sannan ya faɗi inda ciwon yake. Ba ya karɓar komai. Ya fi son a koma tasha a ce, "Malam Gide ya ji ta."

Sai ga shi tasa motar ta mutu a hanya. Suna dawowa daga suna a Daudawa, sun wuce 'Yargoje kaɗan, injin ya yi ƙwas sau ɗaya ya yi shiru. Badamasi, wani direban motar hatsi, shi ya ja su da igiya. Da suka shigo gari Badamasi ya karkata wajen garejin Uwais, sai Malam Gide ya fito da hannu ta taga yana nuna gaba.

"Gida, Badamasi. Gida."

A gida ya ɗage murfin inji ya ga abin da ya faru. Sarƙar taimin ce ta tsinke. Kamar ta keke take, sai dai ninki biyu, kuma ita ke haɗa ƙasan inji da samansa don kada fistin ya hau daidai lokacin da bawul ke sauka. Da ta tsinke suka yi karo, bawul huɗu suka lanƙwashe.

Gari ya yi ta fassara dalilin da ya sa ya ƙi gareji. Wasu suka ce rowa, wasu suka ce bai yarda da hannun kowa a kan motar Alhaji ba. Uwais da kansa ya zo jaje, ya ce zai turo kayan aiki. Malam Gide ya tarbe shi a zaure, ya ba shi ruwa, ya yi masa godiya mai yawa, bai bar shi ya leƙa ciki ba.

Ni ban ɗauki maganar rowa ba, domin ranar da na shiga taya Inna Hajaratu ɓarar gyaɗa na ga abin da ya yi da tsohuwar sarƙar. Naɗe ta ya yi cikin buhu, ya tura ƙarƙashin rumbu. Sauran ƙarafan da suka lalace kuwa suna zube a fili. Duk bakaniken da ya riƙe sarƙar nan a hannu zai ga yadda ta saki, ta ci haƙoranta, zai san ba rana ɗaya ta tsinke ba, ta yi watanni tana kuka. Daga nan tambaya ɗaya ce za ta zaga tasha: ina kunnen Malam Gide yake?

Mu maƙwabta mun daɗe da sani, ba mu dai faɗa ba. Rediyonsa ya fara tashin jarirai a gida na uku. A masallaci ya koma bayan liman daf. In aka tambaye shi abin da bai ji ba, sai ya ce "Madalla" ya yi murmushi. Ƙarfen nan nasa ma ba a ramin kunne yake kara shi yanzu ba, a ƙashin bayan kunne yake dannawa, ta nan sautin ke isa gare shi, shi ya sa har yau bai yi kuskure a motar wani ba. Tasa kuwa, sarƙar ba ta ƙara sai a tashin farko na safe, na ɗan lokaci kaɗan kafin baƙin mai ya zagaya. A lokacin shi yana kan kujera da makulli a hannu. Inna Hajaratu ce ke tsugune gaban murhu, taku biyar daga hancin motar.

Ya hau motar haya ya je Funtuwa ya dawo da sabuwar sarƙa da bawul da gaskit. Ya shimfiɗa tabarma ƙarƙashin bedi ya ɗora kan injin a kai. Kwana uku yana zaunar da bawul ɗin, yana murza sanda tsakanin tafukansa kamar mai burga miya, yana ɗagawa yana duba bakin, yana sake murzawa. In ya gaji ya jingina da tayar motar ya ci ɗanwake da hannu mai baƙin mai, Inna Hajaratu na faɗa. Ban taɓa ganinsa cikin jin daɗi irin na kwanakin nan ba. Har waƙe-waƙen direbobin da yake yi ƙasa-ƙasa, a ganinsa, mu kuwa muna ji har ɗaki.

Da ya kwance kaskon baƙin mai na ƙasa, ya bi shi da maganaɗisun tsohuwar sifika yana tsince gutsattsarin sarƙa. Ya jera su a tabarma, sai ya ga saura ɗan ƙaramin fil guda. In ya bar shi ciki, wata rana zai shiga inda zai ɓata komai. Ya laluba har la'asar. Inna Hajaratu ta ɗauko tsohuwar rariyarta ta tace baƙin man nan cikin bokiti kamar gasarar koko. Fil ɗin ya tsaya a rariya.

"Ga ɗan naka," ta ce da ƙarfi. "Rariyar kuma ta zama taka, ba na so."

Ranar ɗora sarƙa ya goga alli a kan alamomin da ke jikin ƙafafun nan masu haƙora da sarƙar ke hawa, na sama da na ƙasa, domin in aka kauce da haƙori ɗaya aikin ya koma baya. Wajen nan hannu biyu ba su isa, dole wani ya riƙe sarƙar a miƙe. Ya dubi ƙofar zaure, ya dubi matarsa. Ta ɗaure zani ta riƙe. Bayan ya haɗa komai bai taɓa makulli ba. Ya sa doguwar sifana ya juya injin da hannu, a hankali, zagaye biyu cikakku, yana jira ya ji ko wani abu zai tokare. Babu abin da ya tokare. Alli ya dawo kan alli.

Washegari da safe, inji na sanyi, ya shiga ya zauna ya zura makulli. Ya daɗe a haka bai murɗa ba. Sannan ya fito, ya ɗauko dogon ƙarfen nan da ko Alhaji Maharazu bai taɓa riƙewa ba, ya je gaban murhu.

"Hajaratu, taso. Ɗora bakinsa nan, ki kara nan. In kin ji tsakuwar nan taki, ɗaga hannu in kashe."

Ta dube shi, ta goge hannu a zani, ta karɓa.

"Ashe masu turmi ma ana nemansu."

"Mi kika ce?"

"Na ce tada ta, Malam!"

Ya murɗa. Injin ya yi tari sau biyu, ya tofar da hayaƙi, ya kama. Shi ba motar yake kallo ba, hannunta yake kallo ta gilashi. Ta lumshe ido yadda ta saba ganin yana yi. Hannun bai ɗaga ba. Can ta buɗe ido ta gyaɗa kai, ta ce yanzu kam kamar keken ɗinki. Ya bar motar tana aiki, ya zauna ciki yana shafa sitiyari. Kafin azahar barkono ya koma wurin shanyarsa, tire ya sha wanki da toka har sau uku.

Bayan mako guda, da sassafe, Badamasi ya tsaya da motar hatsinsa a ƙofar gidan, ya ce yana jin wani motsi duk safiya, yana so a ji masa. Da direbobi biyu tare da shi, sun zo kallon Marsandin da ta tashi. Malam Gide ya fito da ƙarfensa a hannu, ya tsaya bakin zaure, ya dube su su uku. Ya gyara hula.

"Kashe ta ta huce, Badamasi. Ni kunnena ya yi nauyi, sai da ƙarfe nake ji. Ƙarar safe kuwa, bari Hajaratu ta sauke koko, ita ke jin wannan."