Bututun da Na Binne a Ƙofar Gidanmu

Ranar da katafila ta fara fasa tsohon lambatun layinmu a Nassarawa GRA, kowa murna yake, ban da ni. An ce sabuwar magudana za a yi, mai zurfi, mai murfi, a raba mu da ambaliya da wari. Madalla. Amma ni na san abin da ke kwance ƙarƙashin simintin ƙofar gidanmu, don ni na sa aka binne shi.

Shekarun baya sokawen gidan, ramin da ruwan banɗaki ke taruwa, ya ishe ni. A kira mota ta zuƙe, kafin ka huta ya sake tumbatsa. Da Baba ya tafi Umara sai na samo mai gyaran famfo, ya ja bututu daga ramin zuwa lambatun titi, aka shafe da siminti. Rabin layin haka suka yi, kowa ya yi gum. Sai dai su ba 'ya'yan duba-gari ba ne.

Baba aikin duba-gari ya yi har ya yi ritaya. A Gama da Kaura Goje, in ya kama ka da irin wannan bututun, guduma zai miƙa maka ka fasa da hannunka, a gaban maƙwabta. Bayan ritaya abin da ya rage masa shi ne kujerarsa ta ƙofar gida da gaisuwar masu wucewa: "Barka da hutawa, Baba Duba-gari." Da wannan yake rayuwa, kuma ita nake shirin ɓata masa.

Aikin yana matsowa gida gida, ni kuma zama ya gagare ni. In fita in ƙirga gidajen da suka rage, in dawo, in sake fita. Na nemi mai famfon, an ce ya bar garin. Na ce bari in fasa in toshe da kaina, ina! Baba ya kafa kujera tun safe yana kallon leburori kamar shi aka ba kwangilar.

Matata ta ce, "Ka faɗa masa mana, ka huta."

Na ce, "Don Allah ki ƙyale ni!"

Sau biyu ina shiga ɗakinsa da niyyar faɗa, sai in ƙare da tambayar ciwon gwiwarsa. Tsoro ne kawai, ba wani abu ba.

Abin haushi, shugaban leburorin ɗan Gama ne, kuma ya gane Baba. "Baba, ai kai ka sa mahaifina ya fasa namu," in ji shi, yana dariya. Baba ya ji daɗi. Duk sanda aka tono bututun wani maƙwabci sai ya girgiza kai ya ce, "Dubi aikin 'yan boko! In kun zo tawa ƙofar ku haƙa da kyau." Wallahi ji nake kamar in nutse.

Da hantsi suka iso ƙofarmu. Aka ɗaga simintin, ga bututu nan, baƙin ruwa yana ɗiga. Shugaban leburorin, Allah ya saka masa, ya ce, "Wataƙila na ruwan sama ne, Baba."

Baba ya miƙe da ƙyar, ya sunkuya bakin ramin, ya shaƙa.

"Hancina bai yi ritaya ba," ya ce. "Ba ni guduma."

Na sha gabansa. "Baba, ni ne. Ni na sa."

"Na sani. Amma gidana ne."

Bai kalle ni ba. Sai da ya buga sau shida kafin bututun ya fashe, ƙazantar ta fallatsa a farar rigarsa, maƙwabta suna tsaye. Ya miƙa gudumar, ya shiga gida.

An gama magudanar, ta yi kyau, warin ya tafi. Na haƙa sabon rami a bayan gida kamar yadda ya kamata tun farko. Baba bai taɓa tayar da maganar ba, da ma zagina ya yi. Masu wucewa suna tambayata ko lafiya ba sa ganinsa. Sau uku ina fitar masa da kujerar ƙofar gida bayan la'asar, sau uku ina dawowa in tarar ya mayar da ita ciki.