Sunayen da Goggo Hansatu Take Kaiwa Harami

Duk wanda ya taɓa zama ci da Goggo Hansatu, yayar mahaifina, ya san ba ta kai loma baki sai ta tambaya: "Wa ya dafa?" Kuma suna take so, ba "wata mata" ba. Ta shekara da shekaru tana tuƙa wa alhazai tuwo a unguwar Misfala da ke Makka. Ta ce ta ga mutane sun ci sun ƙoshi sun tashi, ba wanda ya leƙa madafa. Shi ya sa duk wanda ta ci girkinsa take haddace sunansa, ranar Juma'a ta kai shi Harami ta roƙa masa Allah.

Kun tuna abin da ta yi wa Yaya Nura. Ya sayo mata shawarma a unguwar Zahir, ta tambaye shi mai yin ta, ya ce Abdullahi. Ta ce duk maƙaryacin Makka idan ya rasa suna, Abdullahi yake kamawa. Sai da ya ɗauke ta a mota har shagon, ashe kuwa sunan mutumin ke nan. Ba ta ba da haƙuri ba. Ta dubi Yaya ta ce laifin fuskarsa ne, ko gaskiya ya faɗa kama take da ƙarya.

A asibiti ma haka ta ture faranti sau biyu, har wata nas ta sauka madafa ta kawo sunan wani ɗan Bangaladash. Goggo ta sa masa albarka, ta kuma aika a ce masa ya ƙara gishiri. "Addu'a daban," in ji ta, "gishiri daban."

Ni kam sunana ba ya cikin jerin. Na taɓa ɗora shinkafa na shagala da littafin waƙoƙi har tukunyar ta ƙone, daga nan aka sallame ni daga madafa. Na ce ai ina dafa mata shayi, ta ce shayi ba girki ba ne, ruwa ne ya yi fushi. Na yi dariya tare da kowa, amma abin yana cina a rai. Da ciwo ya kama ta bara, cinta ya ragu zuwa cokali biyu uku, na fara tsoron za a rufe jerin ba ni a ciki.

Ƙawayena na jami'a suka ba ni labarin wani wurin cin abinci a saman wani babban kanti, inda ake gashin nama irin na Filifin da Koriya a haɗe, murhu a tsakiyar tebur, mai saye shi ke gasawa. Na tura Goggo a kekenta na marasa lafiya muka je bayan La'asar. Wuri ne mai shaguna a jere da hayaniyar yara. Aka miƙo mana wata 'yar na'ura mai ƙara idan abinci ya kammala. Goggo ta juya ta a hannu ta tambaya ko ita za a yi wa addu'ar.

Aka kawo naman sa ɗanye, yankan falle-falle, an jiƙa shi da miya mai zaƙi-zaƙi da tafarnuwa, ga shinkafa, ga kabeji mai tsami da yaji da suke kira kimci. Goggo ta naɗe hannu ta ce a kira wanda ya haɗa. Wata mata ta fito, Musulma daga kudancin Filifin, ta ce sunanta Norhata. Miyar ta mahaifiyarta ce, kabejin kuma wata 'yar Koriya da ta yi wa aiki ce ta koya mata, amma ba Musulma ba ce. Goggo ta tambaya ta karɓi sunayen su ukun duka. Ta ce Allah ya san irin alherin da zai yi wa kowa, ita dai isarwa ce tata.

Da aka ba mu almakashin yanka nama, ta ce ita ba tela ba ce. Ni na jera yankan a wuta. Gefe ya ƙone, tsakiya da saura. Na zaɓi mai dama-dama na sa mata a faranti. Ta daɗe tana kallonsa.

"Wa ya gasa?"

"Ni ce, Goggo."

"Ni ce ba suna ba ne."

"Safiyya."

Ta ci yanka huɗu, rabonta da haka tun kafin azumi. Ta ce ba ta taɓa cin gawayi mai tafarnuwa ba sai yau, kuma ta gane tun daga gida dalilin da ya sa na jawo ta nan.

Juma'ar da ta biyo baya ni na tura ta ɗawafi, kuma shi ne nata na ƙarshe. Na sunkuya ina jin tana jero su a hankali: matan Misfala da suka daɗe da rasuwa, Abdullahi mai shawarma, ɗan Bangaladash, Norhata da mahaifiyarta, matar Koriya. Sai ta numfasa, ta ce Safiyya, Allah ya koya mata tsayawa kusa da tukunya.

Ya Allah, baiwarka Hansatu 'yar Mamman ta ciyar da baƙin ɗakinka, ba ta manta da sunan kowa ba. Ka haskaka kabarinta, ka ciyar da ita daga abincin Aljanna. A can ba sai ta tambayi wanda ya dafa ba.