Bahon Tanti Latifatou

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga Mayun 1991, bayan sallar la'asar, Allah ya karɓi ran Tanti Latifatou, metires ɗinmu, malamar makarantar nan Zongo, bayan gajeriyar jinya.

Tanti, shekarar da malamai suka shiga yajin aiki aka rufe lekol, wato makarantar boko, ke ce kika ƙi barin yaran layinmu su watse. Kika hau zemijan, babur ɗin haya, zuwa bakin teku, kika dawo da babban baho da jarkar ruwan gishiri da ƙananan halittu. Daga baya, lokacin da manya suka kasa kunne ga rediyo suna jin yadda za a sake tsarin ƙasa, su yaran suna durƙushe a tsakar gidanki suna kallon jatan lande yana sajewa da yashi. An buɗe lekol, amma darasin da kike yi musu a gefen baho duk Laraba da yamma bai tsaya ba.

Ni ba yarinya ba ce a cikinsu. Jarka nake ɗaukar miki, in koma lungu da littafin soyayya a ƙarƙashin mayafi. Ba ki taɓa kai ƙarata ba. Sai dai ki ce, “Ramlatu, in saurayin ya gama kuka, zo ki riƙe mana wannan ƙaguwar.” Yara su yi ta dariya, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige.

A wurinki na ji cewa ruwan tafkin Ladji yakan yi gishiri da rani, ya yi daɗi da damina, kuma karfasa tana rayuwa a duka biyun. A wurinki na ga ƙaguwar nan mai taushin baya, wadda ke shiga kwanson dodon koɗi ta zauna. Yara suka sa mata 'Yar Haya. Kika ce in ta girma dole ta fito ta nemi wani kwanso, kuma babu lokacin da ta fi shiga haɗari kamar tsakanin gidajen biyu.

To Tanti, ga halin da ake ciki. Ƙanenki Kawu Mounkaïla ya ce bahon ya fara ƙarni, in an gama zaman makoki zai juye shi. Ban ga laifinsa ba, gidan cike yake da baƙi. Ina tsaye ina jinsa. Sai Mamata, ƙaramar cikin yaranki na darasi, ta ja mini zane ta ce, “Yaya Ramlatu, 'Yar Haya ta yi wa gidanta yawa. Wa zai ba ta sabo?”

Ban san lokacin da na ce, “Kawu, a bar mini shi,” ba.

Ya dube ni ya ce, “Ke da ko sallama ba a jin muryarki?”

Yanzu bahon yana gidanmu. Jatan lande biyu sun mutu, ban san ko ruwan ne ko ni ce ba. Na zuba kwansuna uku kamar yadda kike yi, har yanzu 'Yar Haya ba ta ko leƙa su ba. Kuma na riga na ce wa yara su zo. Me zan ce musu, Tanti? In suka tambaye ni abin da ban sani ba fa? In muryata ta maƙale?

Allah ya jiƙanki, ya yafe miki, ya haskaka kabarinki, ya sa abin da kika koya wa yaran nan ya bi ki da lada. Allah ya ba Kawu Mounkaïla da dukan iyali haƙurin rashinki. Amin.

Gobe Laraba. Na share tsakar gida, na shimfiɗa tabarma a gefen baho.

Ramlatu Isa
Zongo, Kwatano