Ragon Suna da Geron Damina

Shekarar da takardun naira suka ɓace daga hannun mutane ina gida, a ƙauyenmu kusa da Bahindi. Na gama hidimar ƙasa, aiki bai samu ba. Tattalin arziki na karanta a jami'a, saboda haka duk wanda kuɗinsa suka maƙale a banki sai ya tare ni a hanya ya tambaye ni yaushe abin zai wuce. Nakan ce ban sani ba, amma ina tsammanin ba zai daɗe ba. Ko wannan tsammanin ma, idan na koma gida sai in yi ta juya shi a raina, ina tsoron kada wani ya kafa hujja da ni.

Ana cikin haka matar yayana ta haihu, namiji, ɗan fari. Yayana direban babbar mota ne, yana kudu, ba zai iso kafin suna ba. Ya turo mini kuɗin rago ta waya, sannan ya kira.

"Kai ne ni a wurin nan," ya ce. "Kar a raɗa wa ɗana suna babu yanka."

Na san malamai sun ce wanda bai samu hali ba yana iya jinkirtawa. Amma mu ba rashin hali ba ne, kuɗin suna nan cikin waya ina ganinsu. Ga dangin mai jego za su zo daga Lafagu, kuma a gidanmu ba a taɓa suna babu rago ba.

Na fara da Bagudo, wurin masu na'urar cirar kuɗi. Wanda na sani a cikinsu ya juya mini akwatinsa ya kaɗa, ko ƙwandala ba ta faɗo ba. Washegari na hau kabu-kabu zuwa kasuwar da ke kusa da iyakar Benin, inda Fulani suke kawo dabbobi. Mai babur ɗin ɗan unguwarmu ne, ya yarda in tura masa ta waya.

A can na ga ragon, fari mai baƙin wuya, ba ƙato ba amma cikakke. Mai shi wani dattijon Bafulatani ne da ke sauka da shanunsa bayan gonarmu kowane rani, ya san mahaifina. Muka gaisa, muka yi ciniki da naira kamar kullum. Ya faɗa, na rage, ya ce albarka, na ƙara, ya sallama. Sai na zaro waya.

Ya dube ta, ya dube ni. "Malam, wannan zan kai wa matata ta dama fura da ita?"

"Baffa, kuɗi ne a ciki. Ko akwai wani naka mai asusu in tura masa?"

"Akwai. Tun wancan mako kuɗin bijimina suna cikin tasa wayar, suna hutawa. Ni kuma gidana babu tsaba."

Wani ɗan kasuwa Badende daga tsallaken iyaka yana tsaye yana jin mu, da sefa, kuɗin ƙasarsu, a aljihun gaba, ya bar bakinta a waje don a gani. Ya yi dariya ya ce, "Kuɗinku sun tafi Makka ne? In sun dawo ku gaishe su. Dattijo, ga tawa a hannu, ba ni ragon."

Ban ga abin da zai hana a ba shi ba. Amma Baffa ya ce sefa sai ya ƙetara kafin ya sayi hatsi da ita, ko ya kai wa 'yan canji su yanke masa abin da suka ga dama. Abin da yake so gero ne. In zan kawo masa gero na daidai kuɗin da muka yi ciniki, zai riƙe mini ragon zuwa gobe da rana. In ya wuce haka, na mai sefa ne.

A shekararmu ta farko a jami'a an koya mana cewa kafin a yi kuɗi sai mai rago ya nemo mai geron da ke son rago, kuma wahalar wannan neman ce ta sa aka ƙirƙiro su. Na rubuta haka a jarrabawa kamar labarin mutanen da. Abin da ban lura da shi ba sai ranar, ko ban fahimce shi sosai ba, shi ne naira ba ta zo kasuwar ba amma da sunanta muka auna ragon, da sunanta kuma za mu auna geron. Aikinta na awo yana nan, na musaya ne ya tsaya.

Masu hatsi a kasuwar babu wanda ya yarda da waya. Gero kuwa akwai shi a gidanmu. Mahaifina rumbu biyu yake yi. Ɗaya ake ci da rani, kuma a lokacin ya kusa ƙasa. Ɗayan yakan liƙe bakinsa da laka tun kaka, ba a buɗewa sai ruwan shuka ya sauka, don shi ne abincin masu noma har sabon hatsi ya nuna. Tun ina yaro ban taɓa ganin an fasa wannan lakar da rani ba, ko a shekarar da aka yi bikin yayata.

Na same shi bayan la'asar yana gyaran igiya a zaure. Na faɗa masa komai, na ce idan takardun kuɗi suka dawo sai in ciro na Yaya in sayi gero in mayar.

Bai ɗago ba. "Kai da ka karanci abin, in sun dawo za su sayi abin da zan fitar?"

Na fara bayani. Na ce ya danganta. Yanzu da kuɗi suka yi ƙaranci a hannu, mai takardar kuɗi yana samun hatsi da araha, idan kuwa suka dawo da yawa mai yiwuwa farashi ya tashi. Sannan gero dama yakan hau gab da damina. Kuma mutanen tsallake suna shigowa saye tunda sefa ta yi nauyi a kan naira, ko da yake ba lallai hakan ya ɗore ba, don akwai abubuwan da ba a iya hange.

"Ban tambaye ka karatu ba," ya ce. "Za su saya ko ba za su saya ba?"

Ban taɓa son irin wannan tambayar ba. A jami'a nakan rubuta amsa in kewaye ta da sharuɗɗa har malamin ya ja layi ya tambayi ina ra'ayina yake. Amma wannan abincin gidanmu ne, kuma idan na ɓoye a bayan wataƙila, shi zai ɗauka e nake nufi.

"Ba za su saya ba, Baba. A ganina za a samu giɓi."

"Mai yawa?"

"Wanda za a ji a tukunya."

Ya ajiye igiyar. Sannan ya ce, "To, na ji. Da ka ce za su saya da ban yarda da kai ba. Ɗauko tsani."

Da kansa ya hau ya fasa lakar da ƙotar fartanya. Yana miƙo dammuna ina karɓa. Inna ta leƙo daga tsakar gida ta ce, "Malam, rumbun damina?" Ya ce mata jikan nata ne ya fara cin rabonsa tun bai yi haƙori ba. Ba ta yi dariya ba, amma ta aika aka kira mata maƙwabta, suka yi sussuka har magariba, da safe suka sheƙe.

Na kai geron a amalanke kafin azahar. Baffa ya zura hannu cikin buhu har gwiwar hannu, ya ɗebo na ƙasa ya tauna. Muka sake wata muhawarar a kan farashin kwano, shi yana kawo na masu takarda, ni ina kawo na kafin rikicin, muka haɗu a tsakiya. Ina jin an ɗan ƙware ni, ban tabbata ba. Ya miƙo mini igiyar ragon ya ce in gaishe da mai rumbu.

An yi suna, an yanka, mutanen Lafagu sun ci sun tafi da ƙafar ragon ɗaya kamar yadda aka saba.

Da takardun suka fara dawowa na ciro kuɗin na tafi Bagudo da sauri, amma gero ya riga ni tashi. Abin da na auno bai cike gurbin ba. Cikin marka, kafin masara ta nuna, Inna ta daina damun rana, furar da ake kai mana gona ta koma ruwa-ruwa. Kowa ya san dalili, babu wanda ya ambata.

Yayana ya dawo a cikin watan. Ya ɗauki ɗansa yana juya shi, ya tambaya ko kuɗin da ya turo sun isa. Na gyara zama zan yi masa bayani daga farko, yadda farashi ya motsa da abin da mai yiwuwa ya jawo hakan. Baba ya riga ni.

"Sun isa," ya ce, ya tura masa ƙwaryar furar.