Rasit Tara Babu Suna

Shekarar da aka kawo kwamfuta ofishinmu, ni ne mai karɓar kuɗin filayen noman rani da ke ƙasan dam. Aka ce kowa ya kawo tsofaffin littattafan rasit a shigar. Na kai nawa ina taƙama, don ban taɓa cin sisin kwabo ba.

Bayan kwana uku ma'aji ya aiko kirana. Tun daga ƙofa na ga bai amsa gaisuwata da kyau ba. Ya juyo mini da fuskar na'urar. Ta fitar da mutum ɗaya da shekara tara bai biya ba, za a karɓe filinsa a ba wani. Ta kuma fitar da rasit tara na hannuna, ga kuɗi, ga kwanan wata, babu suna.

Surukina ne. Duk shekara shi ke fara biya, da ya sayar da albasa. Ni kuwa ina zan iya rubuta sunan mahaifin matata yana tsaye a kaina? Sai in ja layi a wurin, ai na san ko wane ne. Littafi bai taɓa tambayata ba.

Kwana biyu abinci ya ƙi shiga. Filin nan shi ke ciyar da gidansa kaf, ga aikina yana lilo. Ko matata na kasa gaya wa.

Ranar Laraba aka kira tsohon, ya zauna a kan benci da sandarsa. Ma'aji ya ɗora yatsu a kan na'urar ya ce mini, "Rasit ɗin ga na wa na? Hwaɗi sunan, in shigar."

Na ce, "Ranka shi daɗe, na Baba na, ga ya nan."

"Na'ura ba ta san Baba ba. Kai ka amshi kuɗɗin, bakinka nika son ji."

Gumi ya jiƙa mini riga. Na dubi ƙasa, na faɗi sunan, har da na mahaifinsa. Ma'aji ya buga, bashin ya goge.

A waje na durƙusa zan ba da haƙuri, ban san ta inda zan fara ba. Tsohon ya gyara hularsa, bai dube ni ba.

Ya ce, "Ashe dai ka san shi."