Sarƙar da Reinhold Bai Sauke Ba

Reinhold Sobotta ya shiga aiki a tashar wutar garinmu yana saurayi, ya fito da furfura. Ubansa mahaƙin kwal ne, kakansa ma haka. Shi ne na farko a gidansu da bai sauka rami ba, don kafin ya isa aiki an riga an rufe ramin. Tashar da aka gina a bakinsa ce ta rage, tana cin kwal ɗin da jirgin ƙasa ke kawowa daga nesa, tana ba mu lantarki, tana tura ruwan zafi ta ƙarƙashin tituna zuwa ɗakunanmu. Daga baya aka ƙara mata injin gas a wani sabon gini mai farin fenti. Reinhold bai taɓa son ginin nan ba. Yakan ce wutar da ba ta barin toka, shi bai san ta inda ake gaishe ta ba.

Gajere ne mai faɗin ƙirji. Ƙarar injin niƙa kwal ta kashe masa kunnen hagu. Matarsa ta rasu da wuri, ba su haihu ba, sai ya koma kiwon tattabaru a bayan gida. Abincinsa na rana bai taɓa canzawa ba: baƙin burodi da kitse, da kofi a wani tsohon fulas mai lotsattsen baki. Abokan aiki suna kiransa Kurma. In bai amsa ba su ce ai ga shaida nan.

Na san shi ne ta hanyar ɗana Malte, wanda ya bar jami'a ya koyi aikin tukunyar tururi, aka haɗa su aiki. Malte ya kusa shekara talatin a lokacin, amma Reinhold bai taɓa ce masa komai ba sai Farfesa. Da ɗana ya yi kuskure zai ce, "Farfesa, a wane shafi aka rubuta wannan?" Malte yakan ba ni labarin yana dariya.

Tashar ta gaji zauren sauya kaya na mahaƙa. Babban zaure ne mai dogon rufi, babu kabad ko ɗaya a ciki. Kowa yana da kwandon ƙarfe mai ƙugiyoyi, ɗaure da sarƙa. In ka zo aiki ka sauke kwandonka, ka rataya kayan gida, ka sa na aiki, ka ja sarƙa kwandon ya tafi can sama inda ɗumi yake, ka sa kwaɗo. In ka tashi, kayan aikin ne ke hawa. Saboda haka duk wanda ya ɗaga kai ya san wa ya fita, wa bai fita ba. In kayan gida ne a sama, sai a ce wane yana ciki. Ba a taɓa sarƙar wani, ko shugaban tasha ba ya taɓawa. In mutum ya mutu, abokin aikinsa ne kaɗai ke sauke kwandon ya kai wa iyalinsa.

Malte ya mutu wata safiya a ƙarshen lokacin sanyi. Jiƙaƙƙen kwal ya daskare a dogon rumbun da ake tara shi ya ƙi gangarowa. Malte ya hau ya zungure shi da sandar ƙarfe, kwal ɗin ya rufta da shi. Reinhold yana ƙasa wajen bel ɗin da ke jan kwal. Masu bincike sun ce ko da ya ji kira ba abin da zai iya yi. Ba wanda ya san ko Malte ya yi kira. Rumbun dai yana hagun Reinhold. Daga ranar ba a ƙara ce masa Kurma ba.

Asibiti sun ba ni kayan aikinsa a leda, an yanka su da almakashi. Abin da nake so shi ne kayan da ya fita da su daga gida: koriyar suwaita, jaket mai ruwan ƙasa wadda aljihunta na dama ya ɓalle, takalma, da makullan gida. Wurin jana'iza na tambayi Reinhold. Ya ce zai kawo.

Bai kawo ba. Muna haɗuwa a kasuwar Asabar, ya cire hula, ya tambayi lafiyata, ya ce mako mai zuwa. Da farko nakan tuna masa. Daga baya na daina, shi ne yake faɗa da kansa tun kafin mu gama gaisawa. Ina iya zuwa ofis in nemi a sauke mini, amma na san abin da hakan zai zama gare shi a idon mutanen zauren.

Kalle Dombrowski, direban katafilar tura kwal, shi ne yake gaya mini abin da ke faruwa a can. Ya ce kullum Reinhold ya shigo sai ya ɗaga kai ya dubi koriyar suwaitar kafin ya sauke nasa kwandon, in zai fita ma haka. Kalle mutum ne da bakinsa ba ya zama. Wata rana ya ce masa, "Kai Reinhold, Farfesan nan naka har yau bai tashi aiki ba? Ƙungiyar ma'aikata ta san da wannan kuwa?" Reinhold ya juya masa kunnen hagu ya ci gaba da ɗaure takalmi. Kalle ya ce shi bai sake yi masa irin wannan wasa ba.

Shekaru suka wuce a haka. Tashar tana tsufa. Bututu ya fashe nan, a ɗaure, ya fashe can. Aka rage mutane, kwanduna da yawa suka koma babu kowa. Sannan majalisar gari ta yanke cewa za a kashe tukunyar kwal a bar gas kaɗai, a rushe tsohon ɓangaren har da zauren. Aka ce kowa ya kwashe kayansa kafin ƙarshen wata.

Na sami Reinhold a ɗakin tattabaru yana kankare kashinsu daga katako. Na ce masa lokaci ya ƙure. Ya ci gaba da kankara, har na zagaya ta damansa na maimaita.

"Na ji ku tun farko, Frau Overbeck," in ji shi, don haka yake kirana. "In na sauke, ya fita ke nan."

Na ce ai ya fita tuntuni, ni na binne shi.

"Ku kuka binne shi. Ni ban ga fitarsa ba."

Ya ce a bar shi sai an kashe wutar tukunya ranar Juma'a. Litinin da safe zai sauke nasa da na Malte tare, ya kawo mini har gida. Na ce na ga motocin 'yan kwangila sun fara taruwa a bakin ƙofar tasha. Ya ɗaga kafaɗa. Ya ce su taru, sarƙa ce da kwaɗo, wa zai taɓa?

'Yan kwangilar daga wani gari suke, ba su taɓa ganin bakin rami ba. An ce musu su share zaure. Ranar Asabar suka shiga da almakashin ƙarfe suka bi sarƙoƙin ɗaya bayan ɗaya, kwanduna suna faɗowa, suna zubawa a manyan akwatunan shara. Kafin Litinin an tafi da akwatunan wurin ƙona shara, saura guda. Kalle ya ce da Reinhold ya shiga zauren ya ɗaga kai, ya tsaya a haka har mutane suka fara kewaye shi suna wucewa. Bai yi wa kowa faɗa ba. Ya tambayi inda akwatin da ya rage yake, ya shiga ciki da kayan gidansa a jiki.

Da la'asar ya buga mini ƙofa. Hannuwansa duk sun yayyage, baƙar ƙura har cikin gira. Ya gaya mini abin da ya faru a tsaye, bai rage komai ba, bai ɗora wa kowa ba. Sannan ya miƙo mini wata jaket mai ruwan ƙasa, a naɗe da kyau.

Na warware ta. Ɗumin shekaru ya busar da ita har tana ƙara kamar takarda. Aljihunanta biyu lafiya lau suke, kuma ta yi wa Malte kaɗan a kafaɗa.

Na ce, "Herr Sobotta, ba tasa ba ce."

"Na sani," in ji shi. "Na kasa zuwa hannu wofi ne."

Na ce ya shigo ya wanke hannu, in dafa kofi. Ya ce a'a, zai ɓata mini ɗaki. Ya karɓi jaket ɗin yana jujjuya ta, ya duba wuyanta, ya laluba aljihu. Ya ce ashe ba kwandon Malte kaɗai ya kwana a sama ba. Akwai wasu a can kusurwa tun zamanin rami, shi bai taɓa tambayar na su wa ne ba. Wannan ma wani ne ya rataye ta da safe da niyyar sa ta da yamma.

An ba Reinhold gurbi a farin ginin har ya kai fansho, ya ce ba ya so. Yanzu yana bin gidajen tsofaffin mahaƙa da gidan kula da tsofaffi da ke bayan coci, jaket ɗin a cikin leda. Yawancin waɗanda za su iya gane ta sun mutu, waɗanda suka rage kuma idonsu ya tafi, sai dai su shafa ta da hannu su girgiza kai. Makon jiya na hange shi a tashar bas da ledar a kan cinya, yana jiran motar da ke zuwa unguwar bayan layin dogo.